Yadda Za Ka Ɗora Adireshin IP na Fili a Kan Rautarka Idan Kamfanin Intanet Ya Gindaya Sharuɗɗa

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa a kan intanet na gida da na ƙaramin ofis ba ta wuce wannan ba: mutum ya sayi rauta mai kyau, wato na'urar da ke raba intanet ga na'urorin gida, yana so ya riƙa duba kyamarorin tsaronsa daga nesa, ko ya shiga kwamfutar ofis alhali yana kan tafiya, ko ya ajiye sabarsa ta kansa, wato kwamfutar da ake shiga daga waje don shafi ko fayil, sai kamfanin da ke ba shi intanet ya ce ba zai yiwu ba sai da akwatinsu, ko kuma ya ce adireshin IP na fili, wato lambar da ake iso wa gidan da ita kai tsaye daga intanet, ba ya aiki sai a kan na'urar da suka kawo. To, ina mafita?

Abin da nake so a riƙe tun kafin a taɓa waya ko ɗaya shi ne, maganar nan ta "kamfani ya hana" ta ƙunshi takunkumi iri uku, kuma kowanne maganinsa daban. Akwai takunkumin na'ura, inda layin ba ya karɓar kowace rauta sai tasu. Akwai takunkumin adireshi, inda kai da wasu masu yawa kuke tarayya a kan adireshi ɗaya. Akwai kuma takunkumin ƙofofi, inda adireshin naka ne kai kaɗai amma an toshe wasu lambobin ƙofa (port), wato lambobin da kowane aiki ke karɓar saƙo ta cikinsu, daga wajen kamfani. Duk wanda ya sayi kaya kafin ya tantance wanne ne ke gabansa, to da wuya kuɗinsa su yi masa amfani. Shi ya sa jerin matakan nan yake da muhimmanci, kuma ina roƙo a bi su yadda suka zo.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: kwamfuta mai gurbin kebul, kebul biyu na Cat5e ko Cat6, wayar hannu mai data daga wani kamfani dabam, takardar yarjejeniyarka da kamfanin intanet, da littafin da za ka rubuta saiti a ciki.

## 1. Gano irin adireshin da kake da shi yanzu

Haɗa kwamfuta da akwatin kamfani, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin shafin saitinsa. Galibi 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, kuma yana rubuce a takardar da aka manna a ƙarƙashin akwatin tare da sunan shiga da kalmar sirri. Nemi shafin da ke nuna halin WAN, wato ɓangaren da ke fuskantar kamfani, ka rubuta adireshin IPv4, mai lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, da ka gani a wurin. Daga nan sai ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke gaya wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi, ka kwatanta biyun.

Idan sun zo ɗaya, kana da adireshin fili, kuma aikinka ya yi sauƙi. Idan adireshin WAN ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kana bayan abin da ake kira CGNAT, domin wannan zangon an ware shi ne a 2012 musamman don kamfanoni su haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi guda. Idan kuma ya fara da 10, ko da 192.168, ko yana tsakanin 172.16 da 172.31, adireshin cikin gida ne, wanda ke nufin akwai wata na'ura a gabanka da ke riƙe da na filin, ko a cikin gininku ko a can wajen kamfani. CGNAT kamar babban gidan haya ne mai lamba ɗaya a ƙofar waje: kowane ɗan haya yana iya aika wasiƙa kuma amsa ta dawo masa, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kawai ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Dalilinsa ƙarancin adireshi ne, tun da IPv4 gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, kuma hukumar IANA ta rarraba na ƙarshe da ke hannunta a watan Fabrairun 2011.

Gargaɗi: kashe VPN, wato manhajar da ke bi da haɗinka ta wata ɓoyayyiyar hanya, kafin ka yi wannan gwaji, kuma idan da waya kake yi, ka kashe datarta, in ba haka ba za ka kwatanta adireshin wani layi ne da naka. Haka kuma kada ka rikita adireshin fili da adireshi tsayayye. Na fili yana iya canzawa duk lokacin da akwatin ya sake tashi, na tsayayye kuwa shi ne wanda ba ya canzawa, kuma shi ake yawan biya wa kuɗi na daban.

## 2. Gano irin layin da ya shigo maka

Irin layin ne ke nuna iyakar abin da za ka iya canzawa. A layin fayiba na GPON, ƙaramar na'urar da zaren ke shiga, wadda ake kira ONT, tana da rajista a na'urar kamfani da lambarta ta musamman ko da wata kalmar sirri, don haka ba a musanya ta da ta kasuwa sai kamfani ya yarda ya yi wa sabuwar rajista. Idan ONT ɗin daban take da rauta, ka yi sa'a, domin rautar kawai za ka cire. Idan kuwa an haɗa su a akwati ɗaya, sai ka bi ta mataki na 6. A layin kebul na DOCSIS, modem ɗin ne ke da rajista da lambarsa ta MAC, wato lambar shaidar da na'urar sadarwa ke fitowa da ita daga masana'anta. A layin tarho na DSL, yawanci sunan shiga da kalmar sirri na PPPoE, wato hanyar haɗawar da ke neman su, sun wadatar. A 4G da 5G, kusan kullum CGNAT ne, kuma adireshin fili yana zuwa ne ta wani APN na musamman, wato saitin mashigar data a layin waya, da kamfani ke buɗe wa layin. Starlink ma CGNAT take bayarwa a tsarinta na gida, sai dai tana da yanayin da ake kira Bypass wanda ke ba rautarka damar karɓar aikin.

Gargaɗi: kada ka zare zaren fayiba ka leƙa bakinsa, domin hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya cutar da shi, kuma kada ka lanƙwasa zaren ko ka taɓa bakinsa da yatsa. Kan mahaɗi kore da kan mahaɗi shuɗi ba iri ɗaya ba ne, gogewar bakinsu ta bambanta, kuma haɗa su yana raunana sigina, yana ma iya lalata bakin. Akwai masu kwafar lambar ONT ta kamfani su ɗora a wata na'ura. Ban ba ka wannan shawara ba. Zare ɗaya na GPON gidaje da dama ne ke tarayya a kansa, kuma na'urar da ta yi magana ba a lokacinta ba tana iya katse wa maƙwabta intanet, ban da cewa hakan saɓa yarjejeniya ne a wurin mafi yawan kamfanoni.

## 3. Karanta yarjejeniya, sannan ka tambayi kamfani a rubuce

Wasu ƙasashe sun ba mai amfani haƙƙin zaɓar na'urarsa. A Jamus, tun 1 ga Agustan 2016 doka ta hana tilasta wa mutum rautar kamfani, kuma ta wajabta a ba shi bayanan shiga layin. A Italiya hukumar AGCOM ta fitar da irin wannan ƙa'ida a 2018, dokar Tarayyar Turai mai lamba 2015/2120 ma ta ambaci haƙƙin amfani da na'urar da mutum ya zaɓa, a Amurka kuma tun Disambar 2020 an hana kamfani cajin kuɗin haya a kan na'urar da mai amfani ya kawo da kansa. Duba abin da hukumar sadarwa ta ƙasarka ta tanada. Amma ka lura cewa waɗannan dokoki a kan na'ura suke magana, ba su yi wa kowa alkawarin adireshin fili kyauta ba.

Yana da kyau kuma ka san cewa ba kowane takunkumi ne son kuɗi kawai ba. Wasu kamfanonin kebul suna isar da adireshi tsayayye ne ta hanyar akwatinsu, wanda ke sanar da na'urorin kamfani inda adireshin yake da wani mabuɗin sirri da ba sa bayarwa. A irin wannan tsari, ko ka yi ta jayayya har gobe, adireshin ba zai hau modem ɗinka ba, kuma mafitarka tana mataki na 9.

Idan za ka tuntuɓe su, ka nemi sashen fasaha, domin ma'aikacin farko da ke ɗaukar waya sau da yawa amsar da aka rubuta masa yake karantawa. Ka yi waɗannan tambayoyi ta imel ko ta wata hanyar da za ta bar shaida:

- Akwatinku yana shiga yanayin gada (Bridge Mode), inda zai daina aikin rauta ya miƙa layin ga tawa? Ni zan kunna ko ku za ku kunna daga wajenku, kuma ta wane gurbi intanet zai fito?
- Da wace hanya ake haɗawa: DHCP (inda rauta ke karɓar adireshi da kanta), PPPoE, ko adireshi tsayayye? Akwai lambar VLAN (lambar da ke ware intanet daga sauran ayyukan da ke bin layi ɗaya)?
- Layin yana ɗaure da lambar MAC?
- Za ku iya fitar da ni daga CGNAT? Adireshin zai zama mai canzawa ko tsayayye, kuma nawa ne a wata?
- Kuna ba da IPv6, sabon tsarin adireshi mai yalwa? Wane girman zango?
- Waɗanne ƙofofi kuka toshe?
- Me zai faru da tarhon gida da talabijin idan na koma kan rautata?

## 4. Yi lissafin kuɗi, ka zaɓi rauta

Kuɗin da mutane ke gani shi ne na sayen rauta, wanda ake biya sau ɗaya. Waɗanda ke ɓuya su ne na wata-wata: kuɗin adireshi tsayayye, da bambancin farashi idan kamfani ya ce sai ka koma tsarin 'yan kasuwa kafin ya ba ka, da hayar akwatin da wataƙila za ka ci gaba da biya ko da ya zama gada kawai. Ƙara da kuɗin zuwan ma'aikaci idan matsalar ta zama daga kayanka take, da wutar da na'urori biyu za su ci, da batirin ajiya wanda yanzu dole ya ɗauki biyun. Idan za ka daina biyan haya, raba farashin rautar da kuɗin hayar wata ɗaya, za ka ga watanni nawa za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta.

Wajen zaɓe, kada yawan eriya ya ruɗe ka. Duba cewa gurbin WAN yana ɗaukar saurin layinka, domin har yanzu ana sayar da rautoci masu gurbin megabit 100. Tabbatar tana iya sa lambar VLAN a WAN, tana karɓar zangon IPv6, tana ba da damar canza MAC, kuma masu ƙera ta suna ci gaba da fitar mata da sabuntawa. Idan layinka PPPoE ne mai saurin gigabit, nemi mai ƙarfin ƙwaƙwalwa, domin PPPoE yana gajiyar da ƙananan rautoci har saurin ya zube. Na'urorin MikroTik, da masu ɗaukar OpenWrt, da ƙaramar kwamfuta mai OPNsense ko pfSense duk suna yin waɗannan ayyuka, sai dai suna buƙatar haƙurin koyo.

## 5. Adana tsohon saiti, ka kulle sabuwar rauta tun ba ta ga intanet ba

Ɗauki hoton kowane shafi na akwatin kamfani: sunan PPPoE, lambar VLAN, lambar MAC ta WAN, adiresoshin DNS (masu fassara sunan shafi zuwa adireshi), da saitin tarho idan akwai. Kalmar sirri za ta fito a matsayin ɗige-ɗige, don haka daga kamfani za ka karɓe ta.

Sannan ka kunna rautarka ba tare da ka sa mata komai a WAN ba, ka haɗa ta da kwamfuta ta kebul. Canza kalmar sirrin shugabanci zuwa doguwa wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Ɗora sabuwar manhajarta, wadda ka riga ka sauke daga shafin masu ƙera ta. Kashe damar shiga shafin saiti daga WAN, kashe WPS, kashe UPnP, kuma ka tabbata katangar tsaro (firewall) tana ƙin duk abin da ya zo daga waje ba tare da an kira shi ba. A ƙarshe ka ba cikin gidanka zangon da ya bambanta da na akwatin kamfani, misali 192.168.50.1, domin idan duka biyun suna kan 192.168.1.1 rautar za ta rasa inda za ta tura saƙo.

Gargaɗi: wannan mataki shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda na fi jin takaicin a tsallake. Adireshin fili ba ya daɗewa kafin injinan da ke lalube a intanet dare da rana su fara gwada ƙofofinsa. Muguwar manhajar Mirai ta 2016 ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci ne ba da wata dabara mai zurfi ba, illa gwada sunaye da kalmomin sirrin da suka fito da su daga masana'anta.

## 6. Mayar da akwatin kamfani gada

Yanayin gada, wanda a shafin saiti ake rubuta shi Bridge Mode ko Modem Mode, yana sa akwatin ya daina aikin rauta, ya riƙa miƙa layin kai tsaye ga na'urar da ke bayansa. Kunna shi, ko ka sa kamfani ya kunna, sannan ka bi wannan jeri: cire wutar akwatin da ta rautarka, haɗa kebul daga gurbin da aka gaya maka, galibi LAN1, zuwa gurbin WAN na rautarka, kunna akwatin shi kaɗai, ka jira fitilunsa su tsaya. A fayiba, fitilar PON ta daina ƙiftawa kuma ta LOS kada ta yi ja. Sai bayan nan ka kunna rautar. Jerin yana da dalili: modem ɗin kebul yakan riƙe lambar MAC ta na'urar farko da ya gani, ba ya kuma kula wata sai an cire masa wuta an mayar.

Gargaɗi: kada ka sa kwamfuta kai tsaye a akwatin da ya zama gada don "ka gwada", domin ita za ta karɓe adireshin filin, ta zauna a buɗe ba katanga, sannan rautarka ta rasa. Ka sani kuma Wi-Fi na akwatin zai mutu, shafin saitinsa yana iya ɓacewa, tarho da talabijin ma suna iya ɗaukewa idan ta cikinsa suke bi. Kada ka danna maɓallin sake saiti na masana'anta sai ka tabbatar daga kamfani cewa akwatin zai jawo saitinsa da kansa, domin wasu suna yi, wasu kuwa sai an turo ma'aikaci.

## 7. Saita WAN a rautarka

Idan DHCP ne, zaɓe shi kawai ka jira. In adireshi bai zo ba, ko ka ga 0.0.0.0, mai yiwuwa kamfani yana riƙe da tsohuwar lambar MAC har sai wa'adin aron adireshin ya ƙare. Ka kashe komai na ɗan lokaci, ko ka kira su su saki layin. Kwafar MAC ta tsohuwar rauta zuwa sabuwa tana warware wannan nan take, amma ka yi ta ne kawai idan yarjejeniya ba ta hana ba, kuma kada na'urori biyu masu lamba ɗaya su kasance a kan layin lokaci guda. Wasu kamfanoni suna kuma neman wata shaida a cikin buƙatar DHCP, ta zaɓi na 60 ko na 61, wadda sai sun gaya maka abin da za ka rubuta.

Idan PPPoE ne, rubuta sunan daidai yadda aka ba ka, har da abin da ya biyo bayan alamar @, ka kula da manya da ƙananan baƙaƙe. Sa lambar VLAN idan akwai. Lambar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, misali Deutsche Telekom tana amfani da 7, kuma idan ka manta ta rautar za ta yi ta kira ba amsa, tamkar layin a mace yake. Amma fa idan akwatin da ya zama gada shi ke sa lambar da kansa, kai kada ka ƙara, domin sa ta sau biyu ma yana hana haɗuwa.

A nan ne matsalar MTU, wato iyakar girman ƙunshin saƙo, ke fitowa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta domin tana ruɗa har waɗanda suka ƙware. Girman ƙunshin saƙo a kebul bayit 1500 ne, PPPoE kuma yana cin 8, saura 1492. Idan rautar ta ci gaba da tura 1500, za ka ga abin mamaki: wasu shafuka suna buɗewa lafiya, wasu suna tsayawa a rabi, saƙon rubutu yana tafiya amma hoto ya maƙale. Sa MTU a 1492, ka kunna abin da ake kira MSS clamping idan rautar tana da shi. Don gwadawa a Windows, rubuta ping -f -l 1464 sannan adireshin wani shafi. Idan amsa ta dawo a 1464 amma ta ƙi a 1465, to saitin ya zauna daidai, domin 1464 da ƙarin bayit 28 na kan saƙo su ne 1492.

Idan adireshi tsayayye ne, abubuwa huɗu za ka rubuta: adireshin, da abin rufe zango (subnet mask), da adireshin mashiga (gateway), da DNS. Kuskuren lamba ɗaya a abin rufe zango ya isa ya hana komai tafiya. Idan ka tabbata komai daidai ne amma shiru, na'urar kamfani ce ke tuna tsohuwar MAC, sai ka jira ko ka nemi su share ta.

Da zarar intanet ya zo, maimaita gwajin mataki na 1 a kan rautarka.

## 8. Idan tarin adiresoshi aka ba ka

Ofisoshi kan karɓi zango na /29, wato adireshi 8 masu abin rufe zango 255.255.255.248. A ɗauki misalin 203.0.113.8/29: na farko, mai ƙarewa da 8, sunan zangon ne, na ƙarshe, mai ƙarewa da 15, na shela ne, ɗaya kuma, a ce mai ƙarewa da 9, na mashigar kamfani ne. Biyar ne suka rage maka, daga 10 zuwa 14. Tambayi kamfani ko zangon yana kan layin ne kai tsaye, ko kuwa ana turo shi ne ta wani adireshi na daban da zai zauna a WAN ɗinka, domin saitin biyun ba ɗaya ba ne. A hali na farko za ka ƙara adiresoshin a kan WAN, ka ɗaura kowanne da na'urar cikin gida ta NAT na ɗaya-da-ɗaya, wato fassara adireshin fili zuwa na cikin gida. A hali na biyu kana iya ba da zangon ga wani gurbi na daban da ka ware wa sabobi.

Gargaɗi: kowane adireshi da ka ɗaura yana buƙatar dokokinsa a katangar tsaro. Idan kuma sabar imel za ka kafa, nemi kamfani ya sa maka rajistar PTR, wadda ke ɗaura adireshinka da sunan sabar, in ba haka ba manyan masu karɓar imel za su riƙa ƙin saƙonninka.

## 9. Idan kamfani ya ƙi yanayin gada

Ba a rasa hanya ba. Fara duba ko akwatin yana da IP Passthrough, wanda ke miƙa adireshin filin ga na'ura ɗaya da ka zaɓa ta lambar MAC ɗinta, alhali shi yana ci gaba da riƙe tarho da talabijin. Idan kana da adiresoshi tsayayyu da suka wajabta akwatinsu, ɗora ɗaya daga ciki a WAN na rautarka, ka sa adireshin akwatin a matsayin mashiga, ka kashe katangarsa a kan waɗannan adiresoshi, sai tsaron ya koma hannun rautarka.

Idan babu ko ɗaya, saura DMZ, wato saitin da ke tura duk abin da ya zo daga waje ga na'ura ɗaya. Ka ware wa WAN na rautarka adireshi guda a cikin zangon akwatin wanda ba zai canza ba, ka rubuta shi a gurbin DMZ, ka kashe Wi-Fi na akwatin. Daga nan duk abin da ya zo daga waje rautarka zai tarar. Gaskiya ne NAT ya zama hawa biyu, kuma wasu na'urorin wasa da na tarhon intanet suna ƙorafi a kan haka, IPv6 ma ba lallai ya ƙetaro ba. Duk da haka, a ganina, ga mai son kyamara da VPN da ƙaramar saba, wannan hanya ta wadatar, kuma ta fi kwanciyar hankali a kan dabarun da za su sa kamfani ya yanke layi.

Gargaɗi: rautarka kaɗai ake sa wa a DMZ. Kada ka taɓa sa kwamfuta ko na'urar adana hotunan kyamara a wurin.

## 10. Buɗe ƙofa, ka gwada daga waje

Ware wa na'urar da kake son kaiwa gare ta adireshin cikin gida tsayayye, sannan ka tura mata ƙofar da take buƙata. Shawarata ita ce ka buɗe ƙofa ɗaya tak, ta VPN. WireGuard, wanda aka saba ɗora shi a UDP 51820, yana shigar da kai cikin gidanka gaba ɗaya, daga nan ka kai ga kyamara da kwamfuta ba tare da ka fallasa ko ɗaya ba. Kada ka buɗe 3389 ta shiga kwamfutar Windows daga nesa, ko 445 ta raba fayil, ko 23 ta Telnet, ko shafin kyamara, domin su ne masu kutse ke fara nema.

Gwajin dole ya zo daga waje: kashe Wi-Fi a wayarka, ka yi amfani da data. Rautoci da yawa ba sa iya juyo da saƙon da ya fita daga ciki yana neman adireshin filin gidan, sai mutum ya ɗauka saitinsa ne ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Shafukan gwada ƙofa kuma ƙofofin TCP suke dubawa, ba na UDP ba, WireGuard kuwa ba ya amsa wa wanda ba shi da mabuɗi, don haka za su ce a rufe take ko da tana aiki. Idan ƙofar TCP ta ƙi, duba katangar ita na'urar kanta, ka duba ko an sa mata adireshin mashiga daidai, sannan ka gwada wata lamba mai girma kamar 8443. Idan wannan ta yi, to kamfani ne ya toshe ta farkon. An saba toshe 25 saboda saƙonnin banza, da 135 zuwa 139 da 445, wasu kuma har da 80 a layukan gida.

Idan adireshinka mai canzawa ne, kunna DDNS don ka sami suna guda da ke bin sa duk inda ya koma. Wanda ke bayan DMZ ya saita DDNS ya riƙa duba adireshin daga waje, in ba haka ba adireshin cikin gida zai riƙa sanarwa.

## 11. Idan CGNAT ne kuma sun ƙi fitar da kai

A nan tura ƙofa a IPv4 ba zai taɓa aiki ba, ko wace irin rauta ka saya, don haka kada ka ɓata lokaci a kansa. Fara da IPv6. Idan kamfani yana ba da zango na /56, kana da ƙananan zanguna 256, kuma kowace na'ura tana samun adireshinta na fili. Maimakon tura ƙofa, doka za ka rubuta a katanga da ke ba da izinin shiga na'ura ɗaya ta ƙofa ɗaya. Sharaɗin shi ne layin da kake kira daga gare shi shi ma ya kasance da IPv6, kuma DDNS ɗinka ya iya bin zangon idan yana canzawa. Wasu kamfanoni suna amfani da DS-Lite, inda IPv4 ke bi ta cikin IPv6, kuma sai rautarka ta san wannan tsari kafin shafukan IPv4 su buɗe.

Hanya ta biyu ita ce haɗin da ke fita daga ciki zuwa waje, wanda CGNAT ba ya tarewa. Tailscale da ZeroTier suna haɗa na'urorinka da juna ba tare da buɗe ƙofa ba, kuma sun dace da wanda shi da iyalinsa ko ma'aikatansa kaɗai za su shiga. Cloudflare Tunnel ya dace da shafin intanet da kake so jama'a su gani. Wanda ke buƙatar cikakken adireshin IPv4 kuwa sai ya yi hayar ƙaramar saba a cibiyar bayanai, ya haɗa ta da rautarsa ta WireGuard, ya riƙa turo ƙofofi daga can. Sa PersistentKeepalive a sakan 25 don kada CGNAT ya manta da haɗin idan ya yi shiru, ka zaɓi cibiya mafi kusa da kai don rage jinkiri, kuma ka duba iyakar data da suke bayarwa a wata, domin hoton kyamara yana cin data sosai.

## 12. Abin da za ka yi da akwatin kamfani

Idan akwatin ya fita daga layin gaba ɗaya, kada ka yi gaggawar mayar da shi. Bari sabon saitin ya yi kwanaki yana aiki, har da ɗaukewar wuta da dawowarta, ka ga ko adireshi da VPN da DDNS suna dawowa da kansu. Idan ba haya kake biya a kansa ba, ajiye shi da cajarsa, domin ranar da layi ya sami matsala, abu na farko da sashen fasaha zai nema shi ne ka mayar da na'urarsu su gwada. Idan kuma haya ne, mayar da shi da duk kayan da ya zo da su, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar akwatin, sannan ka duba takardar kuɗin wata biyu masu zuwa ka tabbata an cire hayar. Fitar da kwafin saitin rautarka ka adana shi a wajen rautar, ka rubuta sunan PPPoE da lambar VLAN da adiresoshinka a littafin nan, ka kuma sa wa kanka ranar duba sabuntawar manhaja sau ɗaya a kowane wata.